Daga Masana'antar Mota zuwa Kasuwar Phnom Penh: Tarihin Biyan Kuɗi da Lambar QR a Ƙetaren Iyaka

A ranar 28 ga Oktoban 2020, Babban Bankin Kambodiya ya ƙaddamar da wata manhajar biyan kuɗi mai suna Bakong. Sunan na wani tsohon gidan ibada ne na dutse da sarakunan Khmer suka gina a ƙarni na tara, kusa da garin Siem Reap na yanzu. Ita kuwa manhajar, an ɗora ta ne a kan bulokcen, wato fasahar nan ta kundin lissafi wanda kwamfutoci da dama ke riƙe da kwafinsa a lokaci guda, irin wadda kuɗin Bitcoin ya zo da ita. Kafin shekarar 2023 ta ƙare, ɗan Kambodiya na iya shiga shago a Tailan ko Lawos ko Biyetnam, ya haska lambar QR da ke liƙe a teburin mai shago da kyamarar wayarsa, a cire kuɗi daga asusunsa na riel, kuɗin ƙasarsa, mai shagon kuma ya karɓi nasa da kuɗin da ya saba da shi.

A daidai wannan tsakanin ne kamfanin Facebook, mai jama'a sama da biliyan biyu da injiniyoyin da babu kamarsu, ya yi yunƙurin gina wa duniya baki ɗaya irin wannan hanya, ya kuma kasa. Dalilin da ya sa ƙaramin babban banki ya ƙetare inda babban kamfani ya maƙale shi ne ƙashin bayan wannan tarihi. Biyan kuɗi ta waya a ƙetaren iyaka ya rataya ne a kan abubuwa uku: lambar da ake haskawa, kundin da ake rubuta lissafi a ciki, da yarjejeniyar masu iko da kuɗin ƙasashen biyu. Kowannensu yana da nasa tarihin, kuma na ukun ne kullum ya fi cin lokaci.

Lambar da aka yi domin kayan gyaran mota

Ba domin kasuwa aka ƙirƙiri lambar QR ba. A shekarar 1994, wani injiniya mai suna Masahiro Hara tare da ƙaramar tawagarsa a kamfanin Denso na Japan, mai ƙera wa Toyota sassan mota, suka fito da ita domin magance wata matsala ta cikin masana'anta. Lambar da ake amfani da ita a lokacin, mai layuka a tsaye irin wadda ake gani a jikin kwalin magani, haruffa kimanin ashirin kacal take ɗauka, har ta kai ana liƙa lambobi da yawa a jikin akwati guda, ma'aikaci yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Hara ya shimfiɗa bayanan a tsaye da kwance cikin murabba'i, sai lamba guda ta iya ɗaukar alƙaluma har 7,089. Ya kuma sanya ƙananan murabba'ai uku a kusurwoyi uku domin na'ura ta gane lambar ta kowace fuska aka nuna mata, sannan ya tsara ta yadda ko maiƙo ya ɓata kusan kashi 30 cikin 100 nata za ta karantu.

Kamfanin ya mallaki haƙƙin ƙirƙirar, amma ya zaɓi kada ya karɓi ko sisi daga masu amfani da ita. A shekarar 2000 ta zama ma'aunin ƙasa da ƙasa, kuma ba da jimawa ba wayoyin Japan suka soma karanta ta.

Caina ce ta mayar da ita hanyar ciniki. Alipay ya soma karɓar biya ta lambar QR a 2011, WeChat Pay ya biyo baya a 2013. Sirrin karɓuwarta arha ne. Na'urar karɓar katin banki tana buƙatar kuɗin saye da wutar lantarki da layin sadarwa, amma mai sayar da kayan miya a bakin titi takarda guda kawai zai buga ya rataya. Hukuma ba ta saki jiki nan take ba. A watan Maris na 2014 Babban Bankin Caina ya dakatar da wannan hanyar biya saboda fargabar damfara, domin ɓarawo na iya liƙa tasa lambar a kan ta mai shago. Da aka dawo da ita a hukumance, an ɗaure ta da ƙa'idoji, ciki har da iyakar yuan 500 a rana ga lambar da aka buga a takarda, daga watan Afrilun 2018.

Sai dai kowane kamfani lambarsa daban, har teburin mai shago ya cika da takardu. A 2017 ƙungiyar EMVCo, wadda manyan kamfanonin katin banki irin su Visa da Mastercard suka mallaka, ta fitar da tsari guda na yadda za a jera bayanai cikin lambar biya: shaidar mai shago, lambar ƙasa, lambar kuɗi, da adadin da za a biya. Ƙasashen kudu maso gabashin Asiya suka ɗauki tsarin, kowace ta yi tata lambar ta ƙasa a kansa. Tailan ta yi tata a 2017, Singafo ta fito da SGQR a 2018, Indunusiya ta ƙaddamar da QRIS a ranar 17 ga Agustan 2019, ranar bikin 'yancinta. Tun daga nan, wayar ɗan wata ƙasa na iya karanta lambar maƙwabciyarta ta fahimci abin da ke ciki. Karatu ya samu. Abin da ya rage shi ne yadda kuɗin zai tafi.

Abin da iyaka ke yi wa kuɗi

A cikin ƙasa guda, biyan kuɗi tsakanin bankuna abu ne mai sauƙi, saboda kowane banki yana da asusu a babban banki. Idan mai asusu a wani banki ya biya mai asusu a wani, babban banki ne ke rage wa wannan ya ƙara wa wancan a littafinsa, magana ta ƙare. Da an ƙetare iyaka, babu wannan littafi na tarayya. Bankin Phnom Penh ba shi da asusu a Babban Bankin Tailan, na Bankok ma ba shi da shi a na Kambodiya.

Maganin da bankuna suka gada tun zamanin fatake shi ne wakilci. Banki yakan buɗe asusu a wani bankin na ƙasar waje, ya ajiye kuɗi a can domin a riƙa biya a madadinsa. Inda babu alaƙa kai tsaye, sai a bi ta hannun na uku ko na huɗu, kuma galibi hanyar takan ratsa ta dalar Amurka da wani babban banki a birnin New York. Kafar SWIFT da aka kafa a Beljiyam a 1973 saƙon umarni kawai take kaiwa tsakanin bankunan, kuɗin kansa yana motsi ne a littattafansu. Kowane hannu da saƙon ya ratsa yana cire ladansa, yana binciken masu ciniki, yana kuma rufe ofis idan lokacin tashi ya yi. Shi ya sa aike kan kwana biyu ko uku a hanya. Ƙididdigar Bankin Duniya ta daɗe tana nuna cewa aika kuɗi gida daga ƙasar waje na cin kusan kashi 6 cikin 100 na abin da aka aika, a Afirka kudu da Sahara ma ya fi haka, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne a sauko da shi ƙasa da kashi 3 kafin 2030.

Irin wannan hanya na iya ɗaukar kuɗin kwantenar kaya. Ba ta da amfani ga wanda yake son biyan kuɗin kwanon shinkafa, mai abinci na tsaye yana jiransa.

Alkawarin kundin da ba shi da maigida

A ranar 31 ga Oktoban 2008, wani ko wasu da ke amfani da sunan Satoshi Nakamoto suka wallafa takardar da ta bayyana Bitcoin, aka kuma soma rubuta kundinsa a watan Janairun 2009. Dabarar ita ce a yi littafin lissafi guda na duniya wanda ba na kowa ba. Dubban kwamfutoci na riƙe da kwafinsa, ana tattara sababbin cinikayya a shafi guda, a ƙulla kowane shafi da na bayansa ta hanyar lissafin sirri, yadda babu mai iya goge tsohon rubutu ba tare da kowa ya gani ba. Ga masu tunanin matsalar iyaka, wannan ya yi kama da amsa: ga littafin tarayyar da aka rasa.

A aikace kuwa, Bitcoin yana rufe shafi ne kusan kowane minti goma, yana ɗaukar ciniki kimanin bakwai a daƙiƙa, darajarsa kuma na iya hawa ko faɗuwa sosai tsakanin safe da yamma. Ƙasar El Salvador ta gwada shi a matsayin kuɗin hukuma daga ranar 7 ga Satumban 2021, da manhaja mai suna Chivo da kyautar dala 30 ga duk wanda ya sauke ta, da fatan 'yan ƙasar mazauna Amurka za su riƙa aiko da kuɗi ta nan. Abin da ya biyo ta irin waɗannan manhajoji bai kai kashi 2 cikin 100 na kuɗin da ake aikowa gida ba. A farkon 2025, bayan yarjejeniyar rance da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, majalisar ƙasar ta soke tilasta wa 'yan kasuwa karɓarsa.

Facebook ya so gyara matsalar hawa da saukar daraja. A ranar 18 ga Yunin 2019 ya sanar da Libra, kuɗin intanet da za a jingina da tarin manyan kuɗaɗen duniya, wanda wata ƙungiyar kamfanoni mai mazauni a Geneva za ta gudanar. Hukumomi suka ga abin da ke tafe: kamfani mai zaman kansa zai riƙa buga kuɗin da jama'ar ƙasashe da dama za su iya fifitawa a kan nasu. Ministan kuɗin Faransa na lokacin, Bruno Le Maire, ya ce ba za a bari a yi shi a Turai ba. A watan Oktoban wannan shekarar PayPal da Visa da Mastercard suka janye, aka kuma kira Mark Zuckerberg gaban majalisar dokokin Amurka. An sauya wa shirin suna zuwa Diem a ƙarshen 2020, an rage masa buri, amma izini bai samu ba. A watan Janairun 2022 aka sayar da kadarorinsa ga bankin Silvergate, ba tare da jama'a sun taɓa kashe ko ƙwandala ɗaya ta Diem ba.

Akwai wani gwajin da bai yi amo kamar waɗannan ba, amma ya yi aiki. A watan Yunin 2018, AlipayHK na Hong Kong da GCash na Filifin suka buɗe hanyar aika kuɗi a kan bulokcen, domin dimbin 'yan Filifin masu aikin gida a Hong Kong. Abin lura shi ne cewa a tsakiyar tsarin akwai bankin Standard Chartered, mai lasisi a ɓangarorin biyu, wanda ke yin canji yana kuma biyan kuɗin. Kundin ya hanzarta daidaita lissafi, bankin kuma ya ɗauki nauyin da doka ta sani.

Ƙasar da ta taɓa soke kuɗi

Ba za a fahimci abin da ya kai Kambodiya ga Bakong ba sai an koma 1975. A shekarar ne mayaƙan Khmer Rouge suka ƙwace Phnom Penh, suka kwashe mutanen birane zuwa gonaki, suka soke kuɗi da kasuwa baki ɗaya, suka kuma tarwatsa ginin babban banki. Sai a 1980, bayan faɗuwarsu, aka sake buga riel. Al'ummar da ta wayi gari ta ga takardun kuɗinta sun zama shara ba ta saurin sake yarda da takarda, don haka mutane suka riƙe zinariya da kuɗin maƙwabta. Da rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ta zo shirya zaɓe a 1992 da 1993, ta shigo da dala mai yawa, dalar kuma ta zauna daram. Shekaru da dama bayan haka, sama da kashi 80 cikin 100 na ajiyar bankunan ƙasar da dala suke, riel kuwa, wanda kusan 4,000 nasa ke daidai da dala ɗaya, ya koma kuɗin canji da cefanen ƙauye.

Babban bankin da jama'arsa ke ciniki da kuɗin wata ƙasa sarki ne marar talakawa. Ba ya iya sarrafa kuɗin ruwa yadda ya kamata, ba ya kuma iya ceto bankunansa da kuɗin da ba shi ke bugawa ba. Ga kuma matsala ta biyu: bankuna da cibiyoyin ƙananan rance da kamfanonin aika kuɗi sun yi yawa, kowanne da tsarinsa, ba sa jin maganar juna. Wayar hannu kuwa ta riga ta shiga kusan kowane gida, har gidajen da ba su taɓa buɗe asusun banki ba.

Babban bankin, inda Chea Serey ke jagorantar aikin kafin ta zama gwamnarsa a 2023, ya haɗa kai da kamfanin Soramitsu na Japan. Suka gina Bakong a kan wani nau'in bulokcen mai suna Hyperledger Iroha, aka soma gwaji a 2019. Wannan kundi ya sha bamban da na Bitcoin ta fuska mafi muhimmanci: yana da maigida. Babban banki ne ke tabbatar da abin da aka rubuta, sai bankuna da kamfanonin da ya ba lasisi ne ke shiga. Babu wani sabon kuɗi da aka ƙirƙira. Abin da ke yawo a ciki wakilin riel ne ko dala da aka riga aka ajiye a banki. Mutum na iya buɗe jakar kuɗi da lambar wayarsa, idan kuma yana son ciniki mai yawa sai wani banki ya tantance shi. Kuɗi na tashi daga wannan banki zuwa wancan cikin daƙiƙu.

A 2022 aka ɗora wa tsarin lambar ƙasa guda, KHQR, wadda kowace manhajar banki ke iya karantawa. Daga nan ne abin ya bazu har ga direban keke mai ƙafa uku da mai sayar da rake. Alƙaluman babban bankin sun nuna cewa darajar cinikin da ya bi ta Bakong a 2024 ta ninka abin da tattalin arzikin ƙasar ke samarwa a shekara fiye da sau uku.

Yadda kuɗin ke ƙetarawa

Haɗin farko da Tailan ya fara ne a watan Fabrairun 2020, inda 'yan Kambodiya suka samu damar biyan 'yan kasuwar Tailan ta lambar QR. A watan Yunin 2023 aka buɗe ɗaya ɓangaren, 'yan Tailan suka soma haska KHQR. Lawos ta shigo a watan Agustan wannan shekarar, Biyetnam a Disamba. Tun a 2021 kuma bankin Maybank ya buɗe wa ma'aikatan Kambodiya da ke Malesiya hanyar aika kuɗi kai tsaye zuwa jakar Bakong.

Abin da ke faruwa cikin 'yan daƙiƙun nan ya cancanci a bi shi daki-daki. Manhajar mai saye tana karanta lambar, ta ga alamar ƙasar Tailan da lamba 764, wadda ke nufin kuɗin baht. Sai ta tura tambaya ga cibiyar biyan kuɗi ta ƙasarta. Wani banki da aka naɗa domin wannan aiki ya faɗi farashin canji, manhajar ta nuna wa mai saye abin da za a cire masa da riel, shi kuma ya amince. Saƙo ya ƙetara zuwa cibiyar Tailan, wani bankin da aka naɗa a can ya zuba baht a asusun mai shago daga kuɗin da ke hannunsa. Daga baya bankunan biyu su daidaita abin da kowa ke bin kowa. Riel bai bar Kambodiya ba, baht bai bar Tailan ba.

A nan ake ganin iyakar aikin bulokcen. Kundin Bakong yana rubuta abin da ya faru a ɓangaren Kambodiya. Da an isa bakin iyaka, aikin ya koma hannun bankuna biyu masu riƙe da kuɗin juna, ƙarƙashin yarjejeniyar da manyan bankunan ƙasashen suka sa wa hannu: wa zai yi canji, nawa ne iyakar ciniki a rana, wa zai mayar da kuɗi idan an yi kuskure, wa zai binciki mai ciniki domin hana halasta kuɗin haram. Hukumomin Kambodiya sun kuma yi amfani da damar wajen cika tsohon burinsu, domin sun ɗaure biyan ƙetare da asusun riel. Mai son more wannan sauƙi a Bankok sai ya riƙe kuɗin ƙasarsa.

Maƙwabtan da suka isa ba tare da bulokcen ba

Sauran ƙasashen yankin sun kai ga wuri guda ta wata hanyar. A ranar 29 ga Afrilun 2021, Singafo da Tailan suka haɗa PayNow da PromptPay, karo na farko a duniya da aka ƙulla tsarin biyan nan-take na ƙasashe biyu, yadda mutum zai aika har dalar Singafo 1,000 a rana da lambar waya kaɗai. Babu bulokcen a cikinsa. Indunusiya ta haɗa QRIS da Tailan a 2022, da Malesiya da Singafo a 2023. A ranar 14 ga Nuwamban 2022, a tsibirin Bali, manyan bankunan Indunusiya da Malesiya da Filifin da Singafo da Tailan suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar haɗa hanyoyin biyansu. A bayan wannan himma akwai tabon 1997, lokacin da faɗuwar baht ta jawo rikicin kuɗi da ya durƙusar da yankin, ya kuma koya wa hukumominsa haɗarin dogaro da dala a kowane ciniki.

Haɗin ƙasa da ƙasa bibbiyu yana da nasa cikas, kuma na lissafi ne. Ƙasashe biyar na buƙatar haɗi goma kafin kowace ta isa ga kowace, ƙasashe ashirin kuwa sai 190, kowanne da tattaunawarsa ta shekaru. Domin haka Bankin Daidaita Lissafi na Duniya da ke Basel, wanda ake kira bankin manyan bankuna, ya tsara shirin Nexus: kowace ƙasa ta haɗu sau ɗaya da cibiya guda, ta isa ga duk sauran. A 2024 Indiya da Malesiya da Filifin da Singafo da Tailan suka amince su aiwatar da shi. Shi ma ba a kan bulokcen aka gina shi ba, tsari ne na saƙonni da ƙa'idoji.

Inda ake ƙoƙarin sa bulokcen ya ƙetare iyakar da kansa shi ne a tsakanin manyan bankuna. Shirin mBridge ya haɗa na Caina da Hong Kong da Tailan da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a kan kundi guda, Saudiyya kuma ta shiga a 2024. Fasahar ta yi aiki a gwaji. Amma a watan Oktoban wannan shekarar bankin na Basel ya fice daga shirin, a daidai lokacin da ake ta muhawara ko irin wannan hanya za ta iya zama mafakar masu kauce wa takunkumin Amurka. Kundin da ya kewaye dala ya shiga fagen siyasar duniya, ko masu gina shi sun so ko ba su so ba.

Gadon da aka bar wa masu ƙira

Wanda duk ya zauna yau zai gina manhajar biyan kuɗi ta ƙetare, ya gaji lamba kyauta daga Japan da tsarin EMVCo da kowa ke iya karantawa, ga kuma kundin bulokcen iri-iri da za a iya ɗauka ba tare da biyan kowa ba. Ƙwararrun matasa kaɗan na iya haɗa wannan cikin 'yan watanni. Aikin da ba ya gajarta shi ne samun lasisi a ƙasashe biyu, da bankin da zai ajiye kuɗi a kowane ɓangare ya ɗauki haɗarin canji, da amincewar hukumomin da ke bibiyar kuɗin haram. Ko masu amfani da kuɗin intanet da aka jingina da dala, irin su USDT, suna cin karo da wannan a ƙofar shiga da ta fita, domin mai shago kuɗin da zai biya haya da shi yake so.

Najeriya ta riga ta ɗanɗana wani ɓangare na wannan darasi. A 2021 ta ƙaddamar da lambar ƙasa ta NQR a watan Maris, sannan eNaira a ranar 25 ga Oktoba, shi ma a kan bulokcen mai maigida kamar Bakong. Wani binciken Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 2023 ya gano cewa sama da kashi 98 cikin 100 na jakunkunan eNaira ba a taɓa su a mako. Bambancin a fili yake. Bakong ya tarar da bankunan da ba sa magana da juna ya haɗa su, eNaira kuwa ya tarar da tiransifa tsakanin bankuna tana aiki nan take tun shekaru da dama, bai zo da abin da jama'a suka rasa ba.

Giɓin da ke akwai yana bakin iyaka. Ɗan kasuwar Maraɗi da ke sayen atamfa a Kantin Kwari ko hatsi a Dawanau yana riƙe da sefa, mai kaya kuma naira yake so, kuma har yau 'yan canji ne ke cike tsakanin da amana da kiran waya. Tsarinsu bai yi nisa da na bankunan Phnom Penh da Bankok ba: kowa na riƙe da kuɗin ɓangarensa, a daidaita daga baya. An ƙaddamar da tsarin PAPSS a Accra a watan Janairun 2022 domin ƙasashen Afirka su riƙa biyan juna da kuɗaɗensu, amma naira na ƙarƙashin babban banki a Abuja, sefa kuma na ƙarƙashin wanda ke Dakar. Takunkumin da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, wanda ya tsayar da hada-hadar kuɗi ta hukuma har zuwa Fabrairun 2024, ya nuna yadda shawarar shugabanni ke iya rufe hanya cikin kwana guda. Ranar da mai shago a Jibiya zai rataya lambar da wayar mutumin Maraɗi za ta iya biya, to manyan bankunan nan biyu ne suka zauna suka amince da wanda zai faɗi farashin canji da wanda zai ɗauki asara idan lissafi ya ƙi daidaita.